Saiwa a Ƙasar Aro

Ƙarfe goma saura kwata na safiyar wata Laraba wayar Inna ta yi ƙara, muna zaune ƙarƙashin rumfar lambu muna shirya furen yasmin a zare. Ban daɗe da dawowa daga Sakkwato ba, inda nake karatun malanta, domin an rufe makarantu saboda cutar korona, an ce kowa ya koma gidansu. Wadda ta kira wata Hajiya ce daga garin Isa mai aurar da 'ya'ya biyu a makon nan, kuma furen da ke kan cinyarmu nata ne, tun da sanyin safiya muka tsinko shi. Inna ta saurara, ta ce to, ta sake cewa to, ta yi addu'ar Allah ya sa a yi lafiya, sannan ta ajiye wayar kan tabarma.

"An hana taro," ta ce. "Ɗaurin aure kawai za su yi cikin zaure, kowa shi kama gabanshi."

"To furen fa, Inna?"

"Ƙarasa wanda ke hannunki. Mu gani abin da Allah za shi yi."

Na fara da wannan safiya ce saboda ku, 'ya'yana da 'ya'yan Yaya Nasiru. Kun tashi kuna jin ana cewa ni na kashe yasmin ɗin kakanku, wani lokaci cikin wasa, wani lokaci ba cikin wasa ba. Haka ne, da hannuna na yanke saiwarsa. Abin da ba a gaya muku ba shi ne ƙasar da saiwar ta shiga, da kuma wanda ke da ita. Baki bai taɓa yi mini daɗin bayani ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kakanku Malam Buhari ya yi aikin lambu a wani gida a Maraɗi yana saurayi. Da ya dawo Sabon Birni bai zo da komai ba sai reshen yasmin guda naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, da niyyar sayar da fulawa a garin da mutane ke tambayarsa ko ana miya da ita. Ba shi da fili a fadama. Amininsa Baffa Jabbi, Bafillace mai shanu da gonaki wajen Kurawa, shi ya ara masa wani ɗan yanki a bakin fadama, da rijiya a ciki. A wajenmu kowa ya san ƙa'idar aron ƙasa. Ka shuka gero, ka shuka albasa, ka girbe, ƙasa ta koma yadda take. Amma ba a dasa itace, ko duk wani abin da zai shekara ya kafu, domin ranar da masu alkawari suka kwanta dama, itacen ne zai tsaya gaban alƙali ya yi wa jikokin mai aro shaida. To fulawar Baba kusan duk masu shekara ce. Sai ya ce wa Baffa Jabbi ba zai taɓa sa saiwa ƙasa ba, kuma ya cika. Komai na lambunmu cikin mazubi yake zaune, tukwanen ƙasa da gwangwanaye da jarkunan da aka yanke wa kai. Kowace Alhamis akwai aikin da muke kira ɗagi, a bi tukwane ɗaya bayan ɗaya ana ɗagawa ana juyawa, don kada saiwa ta leƙo ta hujin gindi ta kama ƙasa. Tun ban iya ɗaukar guga ba na iya ɗagi. Ina son aikin, domin ba ya buƙatar magana.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta riƙe lambun. Baffa Jabbi ya zo ta'aziyya bai ambaci fili ba, muka gane a ci gaba ke nan. A lokacin sana'ar ta kama ƙafa. Ana ɗaura fulawarmu a motar amarya, ana jera ta a walimar sauka da ranar ba da kyauta a makarantu, masu sabon gida suna sayen tukunya su ajiye a bakin ƙofa. Yaya Nasiru ke kai kaya a babur, kwando hagu kwando dama, zuwa Isa, wani lokaci har Burkusuma inda 'yan kasuwar tsallaken iyaka ke karɓa. Shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta faɗin sunansa, Mai Babur take ce masa. Ni kuwa shi ya laƙaba mini Malama Shiru, sunan ya bi ni har makaranta.

Duk shekara kafin azumi ake cunkoson bukukuwa, kuma don wannan lokacin muke renon dashe tun daga kaka. Kafin zafin bazara ya kai ƙarshensa lambun ya kusa zama fayau, sai iyayen dashe da muke yankar reshe a jikinsu. A shekarar nan babu abin da ya fita. Bayan wayar Hajiya wasu suka biyo, har Inna ta daina firgita in wayar ta yi ƙara. Dashen da ya kamata a ce yana gidajen mutane ya zauna mana, yana girma cikin mazubin da ya yi masa kaɗan. Saiwa ta nannaɗe kanta ta cinye ƙasar ciki, in an zuba ruwa sai ya wuce zar. Tukwane suka fara tsagewa. Matar da ke kawo mana sababbi daga Kamarawa ta daina zuwa, kasuwa ba ta ci, hanyar ma ba kullum take da daɗin bi ba. Na naɗe tukwanen da jiƙaƙƙun buhuna, ina ja da su ina bin inuwa daga safe zuwa la'asar. Inna tana shanya furen da muka tsinka tana haɗa turaren wuta da shi, maƙwabta na saye ta kan katanga, da haka tukunyar gida ba ta kwana a kife ba.

Wata Alhamis ina ɗagi na lura da abin da ya kamata a ce ya faranta mini rai. Komai ya yi laushi, ganye ya sunkuya, amma yasmin ɗin Baba kore shar, har da sabon toho. Shi ne wanda ya fito daga reshen Maraɗi, yana zaune cikin rabin duro kusa da rijiya. Saboda nauyinsa Baba da kansa yake karkata duron da ƙotar gatari ya leƙa, kuma tun rasuwarsa kowa ya ɗauka wani na yi. Na kwanta rubda ciki na sa hannu. Gindin duron ya ci tsatsa ya ɓule, saiwa mai kaurin babban yatsana ta nutse cikin ƙasar Baffa Jabbi.

Na kira su suka gani. Yaya Nasiru ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya yi dariya.

"Kun ga itacen ga ya fi mu hankali. Shi da kanshi ya nemo mafita. Inna, mu fasa tukwanen ga duka mu sa ƙasa, in cuta ta wuce mu tone."

"In ya kafu ba shi tonuwa," na ce.

"Au, Malama Shiru ta yi magana, yau za a yi ruwa. To wa za shi gani? Kowa na ƙunshe cikin gida. Baffa rabonshi da nan tun ta'aziyya."

"Babanku bai ce in an gani ba," Inna ta ce, idonta na kan duron. "Cewa yay yi ba shi sa saiwa ƙasa."

"To ki tai ki roƙi Baffa mana."

Inna ta gyara mayafi ta kau da kai, kuma duk mun san dalili. Ba za ta iya zama gaban aminin mijinta ta nemi ya warware maganar da suka ƙulla su biyu ba. Yaya Nasiru kuwa in ya je, kafin a gama gaisuwa ya mai da roƙo gardama. Sai na ga su biyun suna kallona. Ni da ko a aji, in na san amsa, gara in rubuta wa ta kusa da ni ta faɗa.

"Za ni," na ce. Muryar ta fito ƙarama har sai da na maimaita.

Ana saura 'yan kwanaki a kama azumi Yaya Nasiru ya goya ni a babur zuwa wajen Kurawa. Duk hanya ina bitar abin da na shirya, da gabatarwa da dalilai, kamar mai shiga jarrabawa. Muka tarar da Baffa Jabbi zaune kan buzu gindin wata bishiyar bedi yana tufkar igiya, dogo siriri, gemu fari fat. Na durƙusa nesa kaɗan kamar yadda ake ta gargaɗi a rediyo, hancina da bakina a rufe.

"Wace ce wagga anka sa wa takunkumi awa maraƙi?"

"Shafa'atu ce, Baffa," in ji Yaya Nasiru. "Ta makaranta."

"Ɗiyar Buhari mai littafi. Ke da ba ki magana, mi anka rufe maki baki kuma? Matso, ɗiyata, cutar ba ta san hanyar ruga ba."

Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi zafi, na tambayi shanu. Da gaisuwa ta ƙare sai duk abin da na shirya ya bi iska. Na kalli ƙasa na ce dashenmu na mutuwa cikin tukwane, babu mai saye, mun zo neman izinin sa shi ƙasa. Sannan na faɗi abin da Yaya Nasiru ya ce kada in faɗa, cewa yasmin ɗin Baba ya riga ya ɓula duro ya kama ƙasa ba da saninmu ba. Na ji yayana ya ja numfashi a bayana. Baffa bai daina tufka ba. Sai da ya kai ƙarshen zaren ya ƙulle shi da haƙori.

"Na ji, ɗiyata. Za ni yi shawara."

Ya koma zancen tsadar dusa. Matarsa Goggo Altine ta ja ni cikin gida ta dama mini fura, ta tsaya kaina sai na sauke takunkumin na sha. A nan ta gaya mini, murya ƙasa ƙasa, cewa filin ba na Baffa ba ne shi kaɗai. Akwai 'ya'yan ƙanensa marigayi, suna tsallake da shanu, iyaka kuma a rufe. Ta ce mahaifin su Baffa ya taɓa rasa gona sukutum saboda mangwaro guda da wani mai aro ya dasa, har yau in sun bi ta wurin ba sa ɗaga kai.

"Kada ki ga kamar ba shi son ku," ta ce. "Tun da Buhari ya rasu bai sake cin goro da daɗi ba."

A hanyar dawowa Yaya Nasiru ya ce ai an gama, dattijo in ya ce ya ji, ya yarda ke nan, kunya ce ta hana shi faɗi. Ni ban ji haka ba. Na juya maganar ta kowace fuska, ban sami izini a cikinta ba. Kuma abin da ya fi damuna shi ne duron. Mun je mun roƙi abu, alhali muna riƙe da shi. Kowace safiya saiwar nan na ƙara nutsewa, ranar da 'ya'yan ƙanen Baffa suka dawo za su tarar da itace a kafe, a ce musu ana jiran shawara. Ina ganin idan haka ta faru, duk ɗagin da Baba ya yi a rayuwarsa ya tashi a banza. Na gaya wa Inna abin da ke raina. Ta daɗe tana murza busasshen fure a tafin hannunta.

"Kin san in anka yanke cikin zafin ga ba lalle shi rayu ba."

"Na sani, Inna."

"Shi kaɗai yar rage man da hannun babanku a kai."

"Na sani."

"To ki fara yankar reshe tukuna," ta ce, ta tashi ta shiga rumfa.

Na zaɓi rassa masu ƙwari na yanka, na soka su cikin gwangwanaye a wurin da ya fi ko'ina inuwa. Washegari da safe na wasa wuƙa. Yaya Nasiru ya ce ba da shi ba, ya hau babur ya tayar, ya kai bakin hanya, sai kuma ya kashe ya dawo. Bai kalle ni ba. Ya sa ƙotar gatarin Baba ya karkata duron, Inna ta tallafe rassan, ni na kwanta na yanke. Saiwar ta yi tauri fiye da yadda na zata. Muka sa faifan ƙarfe ƙarƙashin duron muka mayar da shi.

Azumin shekarar nan da zafi ya zo. Muna jan ruwa da ƙishi, safe da rana da yamma, igiyar guga ta sale mini tafin hannu. Na rage wa yasmin ganye, na yi masa rumfar zana shi kaɗai, na sauya masa ƙasar sama da taki mai sanyi. Ya yi kamar zai farfaɗo, sannan ya fara bushewa daga kan rassa yana gangarowa. Kafin Salla na kankare ɓawonsa da farce ban sami kore ba. Dashen furen wardi da Inna ke ji da su ma yawancinsu suka bi shi. Yaya Nasiru ya daina kirana Malama Shiru, ya daina kirana da komai, in zai ba ni abu sai ya ajiye kusa da ni. Inna ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, amma ta hana a ɗauke duron. Wani lokaci in ta gaji da jan ruwa sai ta zauna a gefensa ta jingina.

Daga wajen Baffa kuwa shiru. Mai kawo mana nono takan ce yana gaishe mu, shi ke nan. Da Salla muka je gaisuwa, na durƙusa gabansa, ya sa mini albarka, ya tambayi yaushe za a buɗe makaranta. Ban tambaya ba, bai tayar ba. A hanya na yi kuka a bayan Yaya Nasiru, na bar iska ta busar da shi kafin mu isa gida. A kwanakin nan na sha tambayar kaina ko yayana ne da gaskiya. Abin da kawai ya riƙe ni shi ne gwangwanayen nan na cikin inuwa. Yawancin rassan sun ruɓe, amma 'yan kaɗan sun fitar da ganye ƙanana masu sheƙi, kuma su ma duk Alhamis ina ɗaga su.

Sai da damina ta sauka sosai, ƙasa ta jiƙu har ciki, sannan ya zo. Da hantsi ne, muna kwashe tukwanen da suka fashe. Ya shigo da dagi a kafaɗa, irin na haƙa rami, bayansa wasu magidanta biyu da rana ta ƙona, waɗanda daga baya na san su ne 'ya'yan ƙanensa. Inna ta ja mayafi ta gaishe shi daga bakin rumfa. Ya zagaya lambun a hankali yana duba abin da ya saura, har ya iso duron. Ya karya ɗan reshe ya ji ƙarar bushewarsa. Ya sa dagi ya karkata duron ya leƙa, ya ga faifan ƙarfe, ya ture shi da ƙafa, ya ga kututturen saiwar da ta rage cikin ƙasa da shatin wuƙa a kanta. Ya kira magidantan nan da Fillanci, su ma suka sunkuya suka duba.

"Wanga ba shi ne na Maraɗi ba?"

"Shi ne," in ji Inna.

"Wa yay yanke?"

Yaya Nasiru ne ya nuna ni da haɓa.

"Malama Shiru ce, Baffa. Na ce ta bari, ta ƙi. Kan babanmu gare ta."

Baffa ya dube ni har na rasa inda za ni sa idona. Ya tambaya ko an bar iri. Na ɗauko gwangwanin da ya fi kyau na kawo da hannu biyu. Bai karɓa ba tukuna. Ya auna taku daga bakin rijiya, ya tuɓe takalmi, ya naɗe hannun riga, ya fara haƙa. Yaya Nasiru ya yi sauri zai karɓi dagin, Baffa ya hana shi da gwiwar hannu. Tsoho ne, yana haƙa yana hutawa, muna tsaye muna kallo, ba wanda ya gane inda aka dosa. Yasmin ɗin da kuke tsinka yau a gefen rijiya, wanda ya fi Yaya Nasiru tsawo, a ramin nan yake. Da ramin ya yi masa yadda yake so, ya tsuguna ya miƙo hannu na ba shi gwangwanin. Ya zare dashen da ƙasarsa ya zaunar, ya tura ƙasa da tafin hannu ya danna.

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Baffa, shawarar da ka ce za ka yi."

Ya kakkaɓe hannunsa, ya dubi 'ya'yan ƙanensa, suka gyaɗa kai, sannan ya juyo gare ni.

"Ban ba ki izini ba, ɗiyata. Ba ke ba, ba Nasiru ba, ba ɗiyanku ba, kada wanda ya sa saiwa cikin ƙasar ga. Maganar Buhari tana nan yadda ya bar ta. Duk abin da kunka so a dasa, ku aiko, ni za ni zo in dasa da hannuna, in na mutu waɗanga su zo. Saiwa tamu ce, fure naku ne. Miƙo na gaba, kafin rana ta yi zafi."